Lomar Da Na Kai A Gaban Iya Hansai

Assalamu alaikum 'yan uwa, da tsofaffin masu bibiyata da wanda yau ya fara cin karo da ni. Sunana Asta, a Batsari nake zaune, sana'ata ƙunshi da zanen lalle. Na ga saƙonninku masu cewa na yi shiru na bar ku a rataye. Ku yi mini afuwa, wallahi abin da ya same ni a Safana ne ya hana ni rubutu, don duk na ɗauki waya sai in rasa dariya zan yi ko kuka.

Kafin in kai ku can, sai kun san irin gidan da na fito. Mu Fulanin Ruma ne. Da ɓarayin daji suka sake kore mana shanu, Baffa, mahaifinmu, ya tattara 'yan ragowar ya yi kudu da su, mu kuma ya kama mana haya a cikin gari, ni da Inna da yayana Manu, wanda nake ce wa Hamma. Hamma ne uban gida yanzu. Da kabu-kabun mashin yake riƙe da mu, kuma ban taɓa jin ya yi ƙorafi ba.

A gidanmu ba a cin abinci a gaban mutane. Tunda na yi wayo ban taɓa ganin Inna tana tauna a gaban Baffa ba. Budurwa ba ta ci a gaban saurayinta, balle a gaban uwar da ta haife shi, wannan kam ko a mafarki. In an ajiye miki kwano sai ki yi godiya ki mayar da murfi, ko da cikinki na kiran ciroma. Haka aka tashe mu, kuma ni ban taɓa ɗaukar abin a matsayin takura ba.

Ban da wannan, ni a karan kaina ina da tawa tsirfar. Tuwon dawa miyar kuka, fura, dambu, in an matsa shinkafa da wake, nan duniyata ta tsaya. Kifi kuwa ko ƙarninsa na ji sai in bar wurin. To wai ni ɗin nan ce Allah ya tashi ya haɗa da mai dafa abincin 'yan kudu. Ku yi dariyarku, Ramlat maƙwabciyarmu ta riga ku.

Tayyib ɗan Runka ne. Bautar ƙasa ta kai shi can wajen Kalaba, abokansa suka dawo da takarda, shi ya dawo da takarda da ludayi. Ya buɗe gidan abinci a Safana kusa da tasha, kuma Allah ya sa masa albarka, don sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan asibitin da aka turo daga kudu duk can suke zuwa su rage kewar gida. A gidan wani biki muka haɗu, ni an ɗauko ni lallen amarya, shi an ɗauko shi girki. Ya ga na ture farantin da aka ba ni a tsakar gida, ya zo ya tsaya a kaina da tawul a kafaɗa, ya ce, "Malama, gishiri ne ya yi yawa, ko mai girkin ne bai yi miki ba?" Na ja mayafi na rufe fuska. Daga ranar bai sake barina na huta ba.

Duk ranar kasuwar Batsari sai direba ya yi sallama da kular abinci daga wurinsa. Yau agushi da sakwara, wani satin amala baƙa da wata miya mai yauƙi, wani satin farfesun akuya da wani ganye da ƙamshinsa ke cika gida. Ni dai buɗewa nake yi in leƙa in rufe. Inna ko leƙawa ba ta yi. Ramlat ce ke shigowa da cokalinta a hannu tun kafin direba ya juya mota, har kumatu ta ajiye a kan soyayyata. Kuma ban taɓa ɓoye masa ba.

"Gimbiya, yau an ɗanɗana?" haka zai rubuto.

"Ramlat ta ce a gaishe ka, wai hannunka na da kyau."

"To ko dai Ramlat ɗin zan aura?"

"Allah ya sanya alheri, ni zan yi mata lalle kyauta."

Sai ya jero mini 'yar fuskar nan mai hawaye har ta cika waya.

Wasa muke yi da abin, har ranar da ya daina zama wasa. Hamma ya zaunar da ni a zaure ya ce zance ya isa haka. Ba ya ƙin Tayyib, ya ce ya bincika, yaron yana salla yana neman na kansa, duk da har yanzu ya kasa gane namijin da zai wuni a bakin tukunya. Amma Baffa zai dawo da faɗuwar damina, kuma ba zai zo ya tarar da saurayi na sintiri babu magana a ƙasa ba. Ko ya turo magabatansa kafin nan, ko ya ɗauke ƙafa.

Matsalar ita ce baffannin Tayyib ba za su taka ko nan da can ba sai mahaifiyarsa ta ce a je. Iya Hansai kuwa ta ƙi cewa a je, ta ƙi cewa kar a je. A gona aka harbe mijinta, Malam Mati, yana tsaka da noma, shekarar da Runka ta sha wuya a hannun ɓarayin daji. Tun daga lokacin ta dawo Safana wurin ɗanta, kuma Tayyib da bakinsa ya gaya mini ba ta sake taka gidan Bafulatani ba. Ban ga laifinta ba. Amma na yi kuka ranar da na ji, don mu ma ɓarayin nan ne suka raba mu da rugarmu, kuma babu mai tambayarmu wannan.

Ina cikin kwaɓa lalle wata safiya saƙonsa ya shigo.

"Iya ta ce tana son ganinki."

Sai da na goge hannu na sake karantawa.

"A gida?"

"A shago. Ta ce can take wuni, can za ta gan ki."

"Me zan ce mata?"

"Ki zo kawai, Asta. Sauran na Allah ne."

Ranar tafiya Inna da kanta ta buɗe akwati. Na so in sa leshina ruwan hoda, ta ce a'a, ba biki za ni ba. Ta zaɓo atamfa ruwan ganye mai ɗigon gwal, riga da zane ɗinkin mutunci, da farin mayafi babba wanda ya sauko har gwiwa. Ta ba ni 'yan kunnenta na azurfa da ta fito da su daga Ruma ƙulle a bakin zane. Na sa kwalli, na shafa humra kaɗan, jan baki kuwa kallo ɗaya ta yi mini na mayar da shi jaka. Hannuwana dama na zane su da baƙin lalle tun jiya, siririn zane har wuyan hannu.

Ta riƙe haɓata ta ce da Fulatanci, "Za su kawo miki abinci, don gidan abinci ne. Ko ruwa aka ba ki, ki taɓa kofin ki ajiye. Shanu sun tafi, ruga ta tafi, kunyar nan ce kaɗai ba a ƙwace mana ba. Kar ki je ki zubar da ita a bakin tasha."

Na ce, "To, Inna." Kuma har ga Allah da niyyar cikawa na faɗa.

Hamma ne ya kai ni a mashin. Mun fita da hantsi don a dawo da wuri, kun san hanyarmu ba a yin yamma a kanta. A wani shinge aka tsayar da mu, aka bar na gabanmu suka wuce, shi aka ce ya sauka ya nuna kati. Ya nuna, ya amsa tambayoyi da murmushi, amma da muka wuce ina ganin jijiyar wuyansa ta tashi. Muka shiga Safana rana ta take tsaka.

Gidan abincin rumfar kwano ce mai faɗi da aka yi wa shuɗin fenti, ga teburan roba, ga fanka na juyi, talabijin na nuna ƙwallo. Tun daga bakin ƙofa warin manja da busasshen kifi ya daki hancina. Sojoji na zaune sun jingine bindigogi suna kai loma suna hira da Turancinsu. Hamma ya leƙa ya ja da baya.

"Ina ƙarƙashin bishiyar bedin can," ya ce. "Ki gaishe ta ki fito."

Tayyib ya fito da sauri yana goge hannu, ya gaishe shi har da rusunawa, ya roƙe shi ya shigo ko ruwa ya sha. Hamma ya ce ya gode, waje ya fi iska.

Iya Hansai na zaune a kan tabarma a kusurwa, gindin taga, tana yanka wani ganye siriri-siriri a kan tire. 'Yar ƙaramar tsohuwa ce baƙa, ɗankwalinta ya zamo gefe, carbi rataye a wuya. Na cire takalmi na durƙusa har ƙasa.

"Ina wuni, Iya."

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau. Mun same ku lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Da godiya. Ya mutan gidan? Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Ya ƙarin haƙuri, Iya?"

Wuƙar ta tsaya. Ta ɗago ta dube ni ido cikin ido, ta ce, "Haƙuri ya zama dole." Sannan ta dubi hannuwana ta tambaya ko ni na yi zanen da kaina. Na ce ni ce. Ta ce har na hannun dama? Na ce da hagu nake zana shi. Ta ce, "Hm," ta ture tiren gefe.

Sai ta ɗaga murya. "Tayyibu, kawo mana ta ganyen nan, da teba. Kwano guda."

Gabana ya faɗi. Ya kawo ya ajiye a tsakaninmu, da ruwan wanke hannu a roba, ya ƙi yarda mu haɗa ido. Na saci kallon miyar. Kore ce shar har tana baƙi-baƙi, manja na yawo a gefe, ga ganda, ga busasshen kifi, ga wasu ƙananan abubuwa baƙaƙe masu tsini da na ɗauka tsakuwa ce. Tebar kuwa rawaya, an mulmule ta sumul.

"Afang sunanta," in ji Iya Hansai tana wanke hannu. "Da ya fara dafa ta na ce mashi ciyawar awaki ce, in ya sake kawo mani ita sai na saɓa mashi. Yanzu in ban sha ta ba barci ba ya yi mani daɗi. Bismilla, ɗiyata."

"Alhamdu lillahi, Iya, a ƙoshe nake."

Kamar jira cikina yake, ya yi wani ƙugi da na tabbata har sojan da ke kusa ya ji. Ko karyawa ban yi ba saboda fargaba. Na sunkuyar da kai, kunnuwana suka ɗauki zafi.

Ba ta yi dariya ba. Ta janye hannunta daga kwanon ta ɗora a gwiwa.

"Bari in faɗa maki abin da ya sa na ce ki zo nan," ta ce ƙasa-ƙasa. "A Runka, da kaka, Fulani ke sauka gonar Malam. Shanunsu su ci kara, su bar mana taki. Matansu su kawo nono, in auna masu gero. Tun ina amarya har na aurar da ɗiya muna haka. In na yi tuwo na kai masu, sai su yi godiya su rufe. Ban taɓa ganin hannun ɗayansu a kwanona ba. Malam ya ce mani kunya ce, al'adarsu ce, in bar su. Na bar su."

Ta mayar da idonta kan miyar.

"Ranar da aka kawo mani shi a amalanke, ban san wa ya harbe shi ba, har yau ban sani ba, kuma ba zan ɗora wa wanda ban gani ba. Amma da na zauna takaba, abin da ya yi ta dawo mani ke nan. Na ce ashe ba kunya ba ce. Ashe mutanen nan ba su taɓa yarda da mu ba, mu ne ke ta haukanmu. Har yau tunanin nan ya ƙi barina." Ta ɗago. "Yanzu ɗana ya ce ke yake so. An ce duk abin da ya aika maki maƙwabta ke ci. Shi guda ya rage mani namiji. Ki faɗa mani, in ba da shi ga wadda ba ta iya sa hannu a kwanon da na sa nawa?"

Jama'a, ku faɗa mini, da ku ne me za ku yi? Ta taga ina hango Hamma zaune a kan mashin ƙarƙashin bedi. A kunnena muryar Inna. A gabana tsohuwa ce da ba zagina ta yi ba, ba korata ta yi ba, ciwonta ta buɗe mini. Na so in yi mata bayani, in ce Iya wallahi girmamawa ce, wanda muka fi ganin girmansa shi muka fi jin nauyin ci a gabansa. Amma an riga an yi mata wannan bayanin, mijinta ne ma ya yi mata, kuma bai hana ta shekaru tana ƙunar zuciya ba. Magana ba za ta yi aiki a nan ba.

Na jawo robar na wanke hannu.

Ban san lokacin da Tayyib ya juya mana baya ba. Ya je can wurin murhu ya fuskanci bango, ya kama wanke wata tukunya da ni na ga a wanke take. Ya gane abin da nake shirin yi, shi ne ya ɗauke mini nasa idon. Ko don wannan kaɗai ina son bawan Allahn nan, kuma ban ji kunyar rubutawa ba.

Na gutsuri teba, da ɗuminta, tana ɗan manne wa yatsa. Na dangwalo miyar kaɗan, na yi bismilla, na rufe ido na kai. Da farko tsami-tsamin rogo na ji, sai ganyen mai ɗan tauri da ɗan ɗaci, sai hayaƙin kifin ya biyo baya, na ce shi ke nan yau zan yi abin kunya a gaban sojoji. Allah ya rufa asiri ta wuce. Sai yaji ya taso daga baya ya kama mini harshe.

"Ba a tauna teba," in ji Iya. "Haɗiyewa ake yi. Ƙara."

Na ƙara. Kuma tunda ban saba ɓoye muku komai ba, a loma ta uku, Allah ya gani, daɗi ta yi mini. Wani irin daɗi mai nauyi da ban san akwai shi a duniya ba. Har haushin Ramlat na ji.

Sai ta tsamo ɗaya daga baƙaƙen abubuwan nan. "Wannan dodon-koɗin ruwa ne. Halal ne, sai da na aika aka tambayo mani liman kafin in taɓa shi. Ba a cin ɓawon. Duba nan." Ta sa a baki ta tsotse, ta ajiye ɓawon a gefen tire kamar wadda aka haifa a bakin teku. Ta miƙo mini wani.

Na tsotsa a hankali, babu abin da ya fito.

"Da ƙarfi mana. Ke ba ki sha nono ba?"

Na ja da ƙarfina duka. Abin ya fito ya wuce maƙogwaro kai tsaye da yajinsa da komai. Na sarƙe, na hau tari, ga hawaye ga majina, kwallin da na ɓata lokaci ina sawa ya gangaro kumatu. Wani soja ya miƙo mini ledar ruwa yana jera sannu da karyayyar Hausarsa. Iya Hansai na bubbuga bayana, sai kawai na ji tana dariya, dariya sosai har da riƙe ciki, wawulonta a waje. Daga baya Tayyib ya ce mini rabon da ya ji wannan dariyar tun babansa na da rai.

Ina shan ruwan ne na tuna da taga. Hamma ba ya kan mashin. Yana tsaye dab da tagar, wataƙila tarina ya ji ya taso a guje. Ya ga hannuna jajir da manja har kan lalle, ya ga ɓawon a gabana, ya ga ledar ruwan soja a bakina. Da ma zagina ya yi. Kallona kawai ya yi irin kallon da ya yi wa garkenmu ranar da muka tarar da shi wayam, ya juya. Can na ji tashin mashin.

Kafin in wanke hannu waya ta yi ƙara a jaka.

"Na tafi. Waɗanda suka ciyar da ke su kawo ki."

Nan kuka na gaske ya zo, ba na yaji ba. Iya ta ce mi ya faru, na miƙa wa Tayyib wayar ya karanta mata. Ta sa na faɗa mata komai, har abin da Inna ta ce da ta riƙe haɓata. Na faɗa ina shessheƙa. Na ce mata a wurinmu abin da na yi yanzu ya fi a ce na fita kasuwa babu mayafi, kuma kafin in isa gida Inna ta riga ta ji.

Dariyar duk ta bar fuskarta.

"Kin san haka, kika ci?"

"Eh, Iya."

"Don Tayyibu?"

"Har da shi. Amma na kasa barinki da wancan tunanin ne."

Ta sa bakin zane ta goge ido. "Ashe Malam gaskiya ya faɗa mani," ta ce a hankali, kuma ba da ni take ba. Sannan ta dafa bango ta miƙe. "Tayyibu, ɗauko mani hijabina, ka samo mana mota mai zuwa Batsari."

"Iya, in kika tafi yanzu ba za ki samu dawowa yau ba. Kin san hanya."

"Ni za ka faɗa wa hanya? In ban samu dawowa ba sai in kwana."

"A ina?"

"Inda ɗiyar nan ke kwana. Ni na sa ta ci, ni zan je in faɗa wa uwarta da bakina. Maganar tura baffanninka kuma ba da kai zan yi ta ba, da ita zan yi."

Ya so ya biyo mu ta hana, ta ce ya tsaya ga tukwanensa, wannan tafiyar mata ce. Muka yi azahar, aka samo a-kori-kura mai kai buhunan taki Batsari, direba ya ba mu gaba. Ina zaune a tsakiya, leɓena na raɗaɗi, farin mayafina duk ɗigon manja. Saƙon Tayyib ya shigo: "Ban juyo ba, amma na san abin da kika yi mini yau." Na kira Hamma, waya ta yi ta ƙara bai ɗauka ba.

Mun yi nisa sai Iya ta taɓo ni da gwiwar hannu.

"Ke, ya ake gaida mutum da yarenku in rana ta yi haka?"

"A nyalli jam."

Ta maimaita, ta karya shi gida biyu. Na gyara mata, ta sake karyawa. Haka ta yi ta nanatawa ƙasa-ƙasa tana jan carbi har muka shiga gari, direba na satar kallonta.

Mashin ɗin Hamma na jingine a ƙofar gida. Ramlat ta leƙo ta katanga, ta ga wadda nake tare da ita, ta koma ba ta ce komai ba, abin da ban taɓa gani ba. A bakin zaure Iya Hansai ta tsaya cak. Ta kama wuyan hannuna ta riƙe, na ji tafinta ya jiƙe da gumi. Tausayinta ya kama ni har na manta da nawa tsoron.

"Iya, ko in shiga in fara faɗa musu?"

"Ke wa ya shigar maki gaba ɗazu?" ta ce. Ta yi bismilla ta sa ƙafar dama.

Inna na zaune a ƙofar ɗaki ta yi tagumi, idonta jajir. Hamma na gefe a kan tabarma, kansa a ƙasa. Iya ta yi sallama, sannan ta ja numfashi ta saki gaisuwar da ta haddace, da ƙarfi, a karkace. Inna ta dubi tsohuwar tun daga hijabi har silifas, ta dubi hannunta da ke riƙe da nawa, ta daɗe tana dubansa.

Sannan ta juya wajen Hamma ta yi magana da Hausa, Hausar da ba ta yi sai dole.

"Kai, tashi ka ba baƙuwa tabarma."

Hamma ya tashi, Iya Hansai ta saki hannuna ta zauna. Ni kuwa ina tsaye a tsakar gida da manja a mayafina, Inna ba ta ce in zauna ba, ba ta ko dubi inda nake ba.